Tabotaki: Kafin a Ɗauke Batir Daga Mazauninsa

A ƙasar Adar, tsakanin Madawa da Buza da Keita, tsohuwar mota ba ta samun hutu da wuri. Ƙasa ce ta duwatsu da fako da kwaruruka, kuma garuruwa irin su Tabotaki, wadda take ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin karkara na gundumar Buza a jahar Tawa, sun dogara ƙwarai ga motocin ɗaukar kaya domin kai hatsi da wake da bisashe kasuwa, da kuma garzayawa da marar lafiya asibiti in dare ya yi. Mafi yawan wannan aiki yana bisa wuyan ƙananan motocin nan masu buɗaɗɗen baya, waɗanda ake kira akori-kura, ko kuwa bashe kamar yadda aka fi faɗi a Nijar.

Uwar waɗannan motoci ita ce Peugeot 404, wadda ta fito a Faransa a shekarar 1960, bashenta kuma ya biyo baya a 1967. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta soma harhaɗa motoci a 1975, sa'an nan bashen 504 ya fito a 1979. Yau 404 ta yi ƙaranci a kan hanya, amma 504 da tsofaffin Toyota, Hilux da Land Cruiser, sun gaji wahalarta. Da wuya a sami ɗaya daga cikinsu da ta tsaya yadda aka ƙera ta. An ƙara mata sifirin domin ta jure lodi, mai walda ya ɗaga mata ƙarafan bodi, an shimfiɗa benci, wani sa'in ma an cire injinta na asali an dasa wani. A cikin irin waɗannan gyare-gyare akwai guda ɗaya da ake yi cikin rabin yini ba tare da dogon tunani ba, alhali ya fi sauran kusa da ran mutane, watau sauya wa batir wuri.

Dalilan da kan sa a ɗauke batir daga ƙarƙashin kapo, watau murfin inji, ba na banza ba ne. Idan aka sauya injin fetur da na gazuwal, sabon injin yakan ci wuri, kuma yana bukatar batir babba wanda tsohon mazauni ba ya ɗauka. Wani lokaci ruwan batir ne ya cinye farantin ƙarfen da yake zaune a kai har ya huje. Akwai tsoron ɓarawo, domin kapon tsohuwar mota ba ya da wuyar buɗewa. Akwai kuma mai son batir na biyu domin lasifika ko cajin wayoyin hannu. Sai zafi, wanda shi ne hujja mafi ƙarfi. A bazara zafin jahar Tawa yakan haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kapo kuwa ya wuce haka nesa, kuma masana batir sun daɗe da lura cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 bisa digiri 25 yana rage kwanan batir da kamar rabi.

Saboda haka ba a cewa sauya wa batir wuri wauta ce. Su kansu masu ƙera motoci sun yi. Land Rover Defender tana ɗauke da batirinta a ƙarƙashin kujerar gaba, motocin Jamus da yawa a akwatin baya, tsohuwar Volkswagen ɗin nan mai kama da ƙwaro kuwa a ƙarƙashin kujerar baya. Sai dai ita wannan Volkswagen ta bar darasi: idan murfin da ke rufe kawunan batir ya ɓace, kuma mutum mai nauyi ya zauna, ƙarafan kujera sukan sauka su haɗa kawunan biyu, kuma an sha ganin kujera ta kama da wuta ta wannan hanya. Abin lura shi ne, wurin da masana'anta ta zaɓa ya warware matsaloli da dama a lokaci guda ba tare da mai mota ya sani ba. Waya gajera ce, iska tana ratsawa, akwai maɗauri, kuma akwai bangon ƙarfe tsakanin batir da fasinja. Ranar da aka ɗauke shi, dukan waɗannan matsaloli sukan dawo hannun makaniki da mai mota, ko sun lura ko ba su lura ba.

Maganar waya

Batirin mota tsohuwar fasaha ce. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙago shi a 1859, kuma har yau tushensa bai sake ba: farantan dalma a tsome cikin ruwan asid. Yana da ɗakuna 6, kowane yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya, jimla bolt 12,6 idan ya cika. Wannan ƙaramin adadi shi ke ruɗin mutane, domin mutum yana iya dafa kawunan batir da hannu bai ji komai ba, sai ya ɗauka abu ne marar haɗari. Ƙarfin batir ba ga bolt yake ba, yana ga yawan wutar da yake iya zubowa a lokaci guda, wadda ake aunawa da amfer. Fitilar gaba guda ɗaya tana shan amfer 5 ko ƙasa da haka. Demarer, watau ɗan injin da ke murza babban inji har ya tashi, yakan sha amfer 100 zuwa 200 a injin fetur mai silinda huɗu, a injin gazuwal kuwa yakan kai ninki biyu na haka ko fiye.

Masu noman rani na kwarin Majiya da na Galmi ba su bukatar dogon bayani a nan. Sun san cewa idan aka ja ruwa da siririn tiyo mai tsawo, abin da ke isa ga fangalin albasa kaɗan ne, komai ƙarfin injin ban ruwa. Haka wuta take cikin waya. A mazauninsa na asali batir yana kusa da demarer, wayar da ke tsakaninsu da wuya ta wuce mita guda. Idan aka mai da shi bayan kan mota, tsawon yakan kai mita 3 ko 4. Ga lissafin: wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 16, idan tsawonta mita 4 ne kuma amfer 200 suka bi ta cikinta, kusan bolt guda ke ɓacewa a hanya, ya koma zafi. Idan kaurinta 35 ne, asarar ba ta kai rabin bolt ba. Idan 50 ne, ta sauka ƙasa da sulusin bolt. Ke nan ga injin fetur kada a yi ƙasa da 35, ga na gazuwal kuwa 50 ko fiye. Motar da aka ja wa siririyar waya ita ce wadda kullum da asuba sai yaran tasha sun tura ta, mai ita yana zagin batir, yana sayen sabo, alhali laifin na waya ne.

A nan ma akwai tarko a kasuwa. Ana sayar da wata waya mai kauri da kyan gani da sauƙin kuɗi, wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a baya. Ba ta ɗaukar wutar da ta kai kashi biyu cikin uku na abin da jan ƙarfe na gaske ke ɗauka, kuma tana saurin karyewa da rubewa a bakin maɗauri. Gane ta ba wuya: a kankare silin guda da wuƙa, in cikinsa ya fito fari, a mayar wa mai ita. Ba ta kuma da nauyi a hannu. Araha ba ta ado. Wayar injin walda, mai silili ƙanana da yawa, ta fi dacewa, domin tana lanƙwasuwa kuma tana jure girgiza. Bakunanta kuma a sa musu kos na ƙarfe a matse sosai. Naɗa tsirarar waya a kan batir a buga ƙusa a tsakani ba gyara ba ne.

Amma tashin mota da wuya ƙaramar matsala ce in aka gwada ta da wadda ke biye. Babbar wayar da ta tashi daga kan batir mai alamar (+) zuwa demarer tana ɗauke da wuta dare da rana, ko makulli yana cikin aljihun direba. A tsofaffin motoci ba a sa mata fis, domin gajera ce kuma an ɗaure ta inda ba abin da zai taɓa ta. Da zarar ta zama mita 4, sai ta bi ƙarƙashin kan mota, ta ratsa hujin da aka huda da gaggawa mai kaifin baki, ta gilma kusa da salansa da bututun mai. Hanyoyin burji masu gargada na ƙasar Adar kuwa aikinsu ke nan, su yi ta goga waya a jikin ƙarfe, wata da watanni, har robar ta cinye. Dukan ƙarfen mota a haɗe yake da ɗaya kan batir, mai alamar (–). Ranar da jan ƙarfe ya taɓa shasi, batir zai zubo duk abin da ke cikinsa a lokaci guda, amfer ɗaruruwa, har ya iya wuce dubu. Cikin ƴan daƙiƙoƙi waya ta yi ja kamar ƙarfe a maƙera, robarta ta kama wuta tun daga wannan baki har wancan. Kashe makulli ba ya tsai da ita. Ƙananan fis na cikin mota, masu amfer 8 zuwa 30, ba ruwansu da wannan waya.

Maganin abin bai kai kuɗin taya guda ba. Babban fis ne da ake ɗaura wa wayar (+) dab da batir, kada nisansa ya wuce taƙi guda, kamar santimita 20. Dalilin kusancin shi ne, fis ba ya kare sai abin da ke bayansa; duk guntun wayar da ke tsakaninsa da batir a tsirara yake. Girmansa kuma a zaɓe shi bisa inji da kaurin waya: ya fi abin da demarer ke sha domin kada ya riƙa tsinkewa a banza, amma kada ya fi abin da waya ke iya jurewa. Ga injin fetur mai waya 35, fis mai amfer 250 zuwa 300 yakan wadatar. Na gazuwal yana neman babba da waya mafi kauri. Kuma idan ya tsinke, a nemi dalili. Al'adar nan ta naɗa silin waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fis da ya ƙone daidai take da ɗaure bakin kare domin ya hana mutane barci, ɓarawo kuwa yana cikin gida.

Bayan fis, yana da kyau a sa makullin yanke wuta inda hannun direba ke kaiwa. Yana amfani ranar haɗari, yana hana batir tsiyayewa in mota ta kwana biyu a ajiye, yana kuma ba ɓarawo wahala. Sai dai kada a juya shi inji yana aiki, domin hakan yana iya ƙona dinamo. Ita kuwa wayar, a zura ta cikin tiyo, a sa zoben roba a duk hujin da ta ratsa, a ɗaure ta ga shasi kowane taƙi biyu, a bi da ita ta sama inda dutse ba ya dukanta. Kada a ɗaure ta tare da bututun mai ko na birki, kada ta kusanci salansa. Kusa da inji a bar mata ɗan sassauci, domin inji yana rawa bisa robobinsa.

Wuta ba ta tafiya sai da hanyar komowa, ita ce makanikai ke kira lamas. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗaura wayar (–) ga ƙarfen bodi mafi kusa. Bodin akori-kura a bisa roba ko katako yake zaune, notocinsa sun yi tsatsa, ba ya isar da wuta yadda ya kamata. A kai wayar ga shasi kansa, a kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure, a shafa giris. Sa'an nan a tabbata akwai wata waya mai kauri ɗaya da ta (+) daga shasi zuwa jikin inji. In babu ita, wuta za ta nemi hanya da kanta, ta bi wayar totur ko ta birkin hannu, ta gasa su. Abin da ya fi duka shi ne a ja wayar (–) kai tsaye daga batir har jikin inji, ga wanda ke da halin sayen ƙarin mita huɗu.

Ina za a ajiye shi?

Batir yana numfashi. Sa'ad da dinamo ke cika shi, musamman in ya cika ana ci gaba da tura masa wuta, yana fitar da iskar haidurojin, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi guda ya isa ya fasa batir, ya watsa asid da ɓaraguzan roba a fuskar na kusa. Ƙarƙashin kapo iska tana kwashe ta. Ƙarƙashin kujera, cikin kan motar da aka rufe gilasanta saboda ƙurar hunturu, direba yana zuƙar sigari, ba mai kwashe ta. Batura na zamani da ake cewa ba a zuba musu ruwa suna fitar da ita kaɗan ne, amma ba a ce ba su fitarwa sam. Haka kuma a tsofaffin Land Rover da yawa tankin mai kansa a ƙarƙashin kujera yake. Wanda ba ya da makawa sai ya sa batir cikin kan mota, to ya sa shi cikin akwati rufaffe, da ɗan tiyo daga saman akwatin zuwa waje, domin haidurojin sama take tashi. Kuma kada karen mota ya ƙyasta ashana domin duba ruwan batir da dare.

Bayan mota ma yana da nasa haɗari, kuma shi ne wanda aka fi rainawa. Gidajen mai suna da nisa da juna a karkara, don haka da wuya motar kasuwa ta tashi ba jarkar fetur a bayanta. Tururin fetur ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a daɓen bodi, daidai inda aka ajiye batir tsakanin buhuna. Haka iskar tukunyar gas take. Idan kan batir ya yi sako-sako, ko bokitin ƙarfe ko bakin galma ya faɗo bisa kawunan biyu, tartsatsi ya samu, kuma mutanen da ke zaune bisa kaya, mata da goyo da tsofaffi, ba su iya dirowa da sauri. Ko wuta ba ta tashi ba, ruwan batir da ya fantsama yana cin buhu da tufafi da fata, kuma abincin da ya taɓa ya ɓaci. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15, sa'an nan a nufi asibiti.

Sai nauyi. Batir yakan kai kilo 15 zuwa 20, babba ya fi haka. A karon da ya tsai da mota nan take, nauyin kowane abu yana iya ninkuwa sau ashirin, watau batir mai kilo 18 ya fizgi maɗaurinsa da ƙarfin da ya fi buhu uku na hatsi. Robar tsohon tiyub da igiyar kaba ba su riƙe wannan. Ana bukatar sandar ƙarfe ta gilma bisansa nesa da kawunan, da dogayen notoci biyu da suka ratsa har ƙarfe mai ƙwari.

Idan aka auna duka, wuri mafi dama shi ne wanda manyan kamyo suka zaɓa tun da daɗewa: akwatin ƙarfe a gefen shasi, bayan kan mota, a ɓangaren da ba salansa ba bakin tanki, da murfi mai kwaɗo da hujojin iska. Sai dai a ɗaga shi sama gwargwadon iko, saboda duwatsu da kuma koramun da ake ƙetarewa da damina. Na biyu shi ne kusurwar gaba ta bodi, cikin akwati mai ƙwari wanda mutum zai iya zama a kai bai lotsa ba, da rata tsakanin murfi da kawunan batir, hujin iskarsa kuma yana kallon waje. Idan kuwa dalilin ƙaurar bai wuce ruɓewar faranti ba, mai walda ya yi sabo a tsohon wuri, a sa ɗan allon ƙarfe tsakanin batir da zafin inji. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Magadan gari da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na asibitocin karkara, waɗanda ke aika motocin ma'aikata gareji kuma suke sa hannu a takardar biya, suna da hakkin su nemi a rubuta musu kaurin wayar da aka sa da girman fis, su kuma leƙa su gani da idonsu. Haka masu duba lafiyar motoci: ɗaga kujera ko leƙa kusurwar bodi ba ya cin minti guda. Wani abin da ya shafi hukuma shi ne tsohon batirin da aka sauke. Dalma guba ce, musamman ga yara. A Thiaroye-sur-Mer, kusa da Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 a unguwar da aka daɗe ana fasa tsofaffin batura domin cire dalma. Kada a fasa shi a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya. A mayar da shi ɗungum ga mai sayar da sabo.

Ranar aikin, a fara kwance kan (–), shi ne kuma na ƙarshen ɗaurawa, domin in sifana ta zame ta taɓa ƙarfen mota ba abin da zai faru. A cire zobe da agogon ƙarfe daga hannu. In an gama, mai gyaran wutar mota ya kawo ma'auninsa: ya auna bolt a kan batir da kuma a bakin demarer sa'ad da ake murza inji, bambancin kada ya wuce rabin bolt sosai. Inji yana aiki, batir ya nuna tsakanin 13,8 da 14,4. In ya haura haka, dinamo yana dafa shi, kuma haidurojin za ta yawaita. A shafa wayar da hannu daga baki zuwa baki, duk gaɓar da aka ji ɗumi ba ta ɗauru da kyau ba. Bayan tafiyar farko bisa gargada a sake bin notoci da sifana, a duba zoben roba ko ya fita daga huji, a maimaita haka a ƙarshen kowace damina.